Daga dilar auduga zuwa kwantena: tarihin dakon kaya a yankin Malumfashi

Jirgin ƙasa bai taɓa shiga Malumfashi ba, amma shekaru da dama shi ne ya tsara rayuwar manomanta. Bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, Turawan mulkin mallaka suka fitar da reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Auduga ce babban dalili. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Manchester a 1902 don samar wa masaƙun Ingila auduga, ya girke injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Manomi ya kai kayansa fuloti, a auna, a gurje, a ɗaure dila-dila, mota ta kai tashar Funtuwa, taragu su sauka da ita bakin teku.

A can wata duniyar kuwa dako ya sake kama. A 1956 wani mai motocin dako ɗan Amurka, Malcom McLean, ya loda manyan akwatunan ƙarfe 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston. Hikimar ita ce a rufe kaya sau ɗaya, akwatin ya hau jirgin ruwa, ya hau jirgin ƙasa, ya hau tirela, ba a buɗe shi ba sai a masauki. Kuɗin lodi da sauke ya faɗi warwas. A kan wannan araha cinikin intanet ya ginu, har da irin na Jumia da Konga da suka fara a Najeriya a 2012.

Sai dai lokacin da kwantena ke mamaye duniya, reluwen Najeriya yana durƙushewa. Kaya suka koma kan kwalta. Wayar da matashi a Malumfashi zai yi oda a yau tana ƙetare teku cikin rahusa, tsadar kuma ta same ta tsakanin Apapa da Arewa, a kuɗin gas da lalacewar hanya da shingaye.

Wannan giɓi aka so cikewa a 2006, da gwamnatin tarayya ta amince da tashoshin tsandauri shida, har da ta Funtuwa. Ba a ƙaddamar da ita ba sai a watan Mayun 2024. Layin da ya ratsa garin kuma har yanzu tsohon siririn ne mai faɗin milimita 1,067, alhali sabon na Legas zuwa Ibadan 1,435 ne, jirgin wannan ba ya hawa wancan.

Akwai kuma lissafin da masu dako ba sa mantawa: kwantenar da ta koma wayam, mai saye ne ke biyan kuɗin komawarta. A zamanin BCGA taragu cike suke barin Funtuwa. Arahar kayan da ake oda a yau ta rataya ne a kan ko masara da waken suya da audugar wannan yanki za su cika akwatunan da ke komawa Kudu.