Baba Na Ɗaka, Gemu Na Waje: Makarantar Dare a Ƙasar Pauwa

Tun kafin allon boko ya iso ƙasar Pauwa, wato yankin Ƙanƙara, yaran wurin suna da makarantar da ba ta buɗewa sai bayan sallar isha. Da kaka, in an kai amfanin gona rumbu, tsofaffin mata kan zauna kaɗin auduga a gaban fitilar aci-balbal, jikoki sun kewaye su. Daga can sai wata ta jefa: "Kulin kulifita?" Yara su amsa baki ɗaya: "Gauta!" An buɗe fagen kacici-kacici ke nan.

"Baba na ɗaka, gemu na waje." Ƙaramin cikinsu zai waiga yana neman wani tsoho mai furfura, har sai yayarsa ta nuna masa hayaƙin da ke fita ta saman madafa, wutar kuwa tana ciki. A daren ne yake fara gane cewa ana iya kiran abu da sunan wani abin daban, kuma ba ƙarya aka yi ba. Gobe a ce masa "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", ya ɗan yi shiru, ya ce tsintsiya. Jibi a kawo tsumagiyar kan hanya mai fyaɗe yaro ta fyaɗe babba, wato yunwa, abin da ido bai taɓa gani ba. Wanda amsa ta gagara sai ya ba da gari. Ya ba da Funtuwa ko Katsina kafin a warware masa.

Daga baya takarda ta karɓi wannan gado. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyin Hausa cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, sannan Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya wa 'yan firamare Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa, abin da ake koya a gindin kaka ya koma hannun malamin Hausa. Masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero suka raɗa masa sunaye: adon harshe, kamantawa, siffantawa.

Yau hirar dare ta yi rauni a yankin. Waya ta ɗauke hankalin yara, rashin tsaro kuma ya sa ana kulle ƙofa da wuri, musamman tun sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Nauyin ya koma kan aji. Malamin da ya rubuta "siffantawa" a allo yakan ga idanu sun yi zuru, amma da ya ajiye alli ya tambayi ma'anar rawanin baba faskara naɗi, sai hannuwa su tashi, wani daga benci na baya ya ce: "Hanya ce, malam!"