Bango Na Mai Shi Ne: Yadda Aka Yi Ta Shafe Zanen Meziko

A watan Yunin 2019 hukumar ilimi ta birnin San Francisco da ke Amurka ta yanke shawarar a bi wani zane da ke bangon makarantar sakandare ta George Washington da fenti a shafe shi, aikin da aka ƙiyasta zai ci dala 600,000. A lokacin zanen ya shekara 83 a wurin. Laifinsa shi ne ya nuna bayi baƙar fata suna aiki a gonar shugaban Amurka na farko, ya kuma nuna gawar wani ɗan asalin ƙasar a yashe, Turawa 'yan kama-wuri-zauna suna wucewa ta gefenta. Wasu iyaye suka ce ba za a tilasta wa 'ya'yansu kallon wulaƙancin kakanninsu kowace safiya ba. Masu kare zanen suka ce ai wanda ya yi shi, Victor Arnautoff, ɗan kwaminisanci ne, kuma don ya tona asirin Washington ya sa bayin a ciki. Magana ta kai kotu, a 2022 hukumar ta janye. Arnautoff a Meziko ya koyi sana'ar, yana yaron mai zane Diego Rivera daga 1929 zuwa 1931, ya kuma gaji rigimar da ke tafe da ita.

Zane a bango tsohon abu ne a Meziko. Akwai shi a kufan Teotihuacan, akwai shi a Bonampak inda mutanen Maya suka zana yaƙi da biki wajen shekara ta 790. Da Sifaniyawa suka ci ƙasar a 1521, limaman Katolika suka cika bangon majami'u da hotuna don koyar da mutanen da ba su jin yarensu. Masu son tsawaita asali suna ja layi daga can har zuwa Rivera. Ni dai ina ganin an yi zuzutawa, domin a Italiya Rivera ya je ya yi nazarin bangon majami'u a 1920 da 1921, bayan ya shafe fiye da shekara goma a Turai.

Abin da muke magana a kai ya fara ne bayan juyin juya halin da ya ɓarke a 1910, ya ci rayuka ɗaruruwan dubbai cikin shekara goma. A 1921 shugaba Álvaro Obregón ya naɗa José Vasconcelos ministan ilimi, a ƙasar da kimanin mutum biyu cikin uku ba su iya karatu ba. Vasconcelos ya kira masu zane ya ba su bangon gine-ginen gwamnati da albashi. Uku ne suka yi fice: Rivera, da José Clemente Orozco mai hannu ɗaya, wanda albarushi ya raba da hannunsa na hagu tun yana saurayi, da David Alfaro Siqueiros, tsohon sojan juyin. Suka kafa ƙungiyar ƙwadago da jarida mai suna El Machete, wato adda, suka ce sun yi hannun riga da zanen allo da mai kuɗi ke saya ya rataye a falonsa. An sha cewa bangon ya zama littafin talakan da bai iya karatu ba. Magana ce mai daɗin ji, amma yawancin zanen farko a cikin makarantar 'ya'yan manya ta Preparatoria da harabar ma'aikatar ilimi yake, wuraren da manomi ba ya shiga sai da dalili.

Salon aikin shi ne fresko, kuma wanda bai san shi ba ba zai gane rigimar ba. Magini ne ke fara yaɓa farar ƙasa da yashi iya inda mai zane zai iya gamawa a yini. Mai zane ya bi da launi tun yaɓen yana ɗanye. In ya bushe, launin ya riga ya shige jikin bangon. Ba a naɗe shi, ba a sauke shi a ɓoye a bayan ƙofa. Wanda bai so shi ba, sai dai ya rufe shi ko ya fasa.

Ba a jima ba kuwa aka fara. A 1924 ɗaliban Preparatoria suka far wa zanen Orozco da na Siqueiros da duwatsu da wuƙaƙe, suna ƙyamar hotunan da ke yi wa masu kuɗi da limamai ba'a. Vasconcelos ya ajiye aiki a shekarar, aka sallami masu zanen daga makarantar. Rivera, wanda ya iya zama da kowace gwamnati, ya ci gaba da aikinsa a ma'aikatar ilimi har 1928, ya cika ta da zane fiye da 100.

Labarin da kowa ya sani a New York ya faru. Iyalan Rockefeller, masu arzikin mai, sun ba Rivera bangon zauren shiga na babban gininsu a kan dala 21,000. Ba su jahilci ko wane ne shi ba: Abby, mahaifiyar Nelson Rockefeller, ta taɓa sayen littafin zanensa na bikin ranar ma'aikata a Mosko. Shi kuma yana da nasa ciwon, domin jam'iyyar kwaminis ta Meziko ta kore shi a 1929, tsofaffin abokansa suna kiransa mai zanen attajirai. A watan Afrilun 1933 sai ga fuskar Lenin ta fito a bangon, yana haɗa hannayen wani soja da ma'aikata biyu, baƙi da fari. Jaridar World-Telegram ta yi babban labari da abin. Ranar 4 ga Mayu Nelson ya rubuta masa takarda cikin ladabi, yana roƙon ya sa fuskar wani da ba a sani ba a madadin Lenin. Rivera ya ƙi, ya ce sai dai ya ƙara Abraham Lincoln a ɗaya ɓangaren. Ranar 9 ga wata aka sauko da shi daga kan katakon da yake aiki, aka miƙa masa cekin ragowar kuɗinsa, aka lulluɓe bangon, 'yan sanda a kan dawakai suna tsare ƙofa. Wata mataimakiyarsa, Lucienne Bloch, ta riga ta shigo da ƙaramar kyamara a ɓoye cikin rigarta ta ɗauki hotuna. Wani dare a watan Fabrairun 1934 leburori suka shiga suka farfasa yaɓen, aka kwashe ɓaraguzan.

Da hotunan Bloch Rivera ya sake zana shi a shekarar a fadar Bellas Artes ta birnin Meziko. Ya bar Lenin, ya ƙara Marx da Engels da Trotsky, sannan ya rama: ya zana mahaifin Nelson, John D. Rockefeller ƙarami, mutumin da ba ya shan giya, a gidan rawa cikin mashaya da mata, ƙwayoyin cutar tunjere suna yawo a saman kansa.

Mutane biyu ke bayanin wannan labari, kuma duka ban gamsu da su ba. Na farko ya ce yaƙin aƙida ne, jari-hujja ta murƙushe kwaminisanci. Na biyu ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Rivera ya karɓi kuɗi ya saɓa alkawari. Na biyun yana da ɗan ƙamshin gaskiya, tunda babu Lenin a zanen gwajin da aka amince da shi. Na farkon kuwa birnin Detroit ya ƙaryata shi. Watanni kaɗan kafin New York, wannan Rivera ɗin dai ya gama zane 27 na ma'aikatan kamfanin Ford a gidan adana zane na birnin. Limaman coci da jaridu suka yi ca, suna neman a shafe. Edsel Ford, wanda ya biya kuɗin, ya ce a bar shi, aka bar shi, har yau yana nan. Shi ma ɗan jari-hujja ne na ƙin ƙarawa. Abin da ya raba Detroit da New York shi ne ra'ayin mutum ɗaya, mai bangon. Mai zane yana da hoton, wani ke da ginin, kuma fresko ya ɗaure su wuri guda.

Haka aka yi da Siqueiros a Los Angeles. A 1932 aka ba shi bangon waje a titin Olvera, kasuwar 'yan yawon buɗe ido da aka ƙawata don ta yi kama da ƙauyen Meziko. An ba shi take, América Tropical, ana jiran ganin furanni da tsuntsaye. Da aka yaye labule ranar 9 ga Oktoba, sai ga wani ɗan asalin ƙasa ɗaure a kan gicciye a gaban rusasshen dakalin bauta, mikiyar Amurka ta buɗe fukafukai a samansa, can gefe kuma maharba biyu sun saita ta da bindiga. Aka fara shafe ɓangaren da ake hangowa daga titi da farar ƙasa, daga baya aka shafe sauran. Ba a sabunta masa biza ba, ya bar ƙasar.

Masu bayanin aƙida sukan manta cewa a gida ma ba a raga musu ba. A 1936 mai otal ɗin Reforma ya sa aka yi wa zanen Rivera gyara ba da saninsa ba, saboda yana zolayar 'yan siyasa. A 1947 ya zana tarihin ƙasar a ɗakin cin abinci na otal ɗin Prado, ya sa wa marubuci Ignacio Ramírez takarda a hannu ɗauke da kalmomin musun samuwar Allah da aka ce ya furta a 1836. Babban limamin Katolika na birnin ya ƙi sa wa otal ɗin albarka, matasa suka kutsa suka kankare rubutun. A nan ba zan ce masu fushin ba su da hujja ba. Mutum ya shiga cin abinci, ba a nemi izininsa ba aka ɗora masa saɓo a gabansa. Zanen ya zauna a rufe har 1956, lokacin da Rivera da kansa ya canja rubutun, shekara ɗaya kafin ya mutu. Girgizar ƙasar 1985 ta lalata otal ɗin, aka ciro bangon ɗungurungum, nauyin tan 35, aka gina masa gidan kansa. A 1952 hukumar zane ta ƙasa ta ƙi kai wani aikinsa mai hoton Stalin da Mao baje koli a Faris, aikin ya ɓace. Siqueiros kuwa an toshe zanensa na ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo da katako a 1959, aka jefa shi kurkukun Lecumberri a 1960, ya fito a 1964. Kafin mai karatu ya tausaya masa da yawa: shi ne ya jagoranci 'yan bindigar da suka yi wa gidan Trotsky, ɗan kwaminisancin da ke gudun hijira a Meziko, ruwan harsashi a watan Mayun 1940.

Abin mamaki, guduma da farar ƙasa ba su kashe komai ba. A watan da aka kori Rivera daga New York, mai zane George Biddle ya rubuta wa tsohon abokin karatunsa, shugaba Franklin Roosevelt, yana ba shi misali da Meziko. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Amurka ta fara biyan masu zane, kuma gidajen waya kaɗai sun sami zane kusan 1,400. Jackson Pollock ya zauna a ajin gwaji na Siqueiros a New York a 1936, inda ake watsa fentin mota a kan allo. Hale Woodruff, baƙar fata, ya je wurin Rivera a shekarar, ya dawo ya zana tawayen bayin jirgin Amistad, mutanen Mende na Saliyo, a kwalejin Talladega a 1939. Farar ƙasar titin Olvera ta yi ta zaizayewa da rana da ruwan sama, har hoton ya fara leƙowa a ƙarshen shekarun 1960, daidai lokacin da matasa 'yan asalin Meziko suke gwagwarmayar neman haƙƙi. Suka ɗauki Siqueiros uba, suka cika ginshiƙan gada a Chicano Park na San Diego da zane. Judy Baca ta fara Babban Bangon Los Angeles a 1976, mai tsawon kimanin mita 800. América Tropical ɗin kansa an sake buɗe shi ranar 9 ga Oktoban 2012, bayan birnin da cibiyar Getty sun kashe kusan dala miliyan 10. A Chile ma sojojin Pinochet sun binne zanen Roberto Matta da matasan ƙungiyar Ramona Parra ƙarƙashin shafe 16 na fenti, aka tono shi a 2008.

Tacewar da ta ci nasara ita ce wadda ba ta bar ɓaraguzai ba. Jam'iyyar da ta mulki Meziko shekara 71 ta gane cewa biyan masu zane ya fi faɗa da su araha. Hotunan Zapata, jagoran manoma a juyin, da mabiyansa suka cika bangon ofisoshin da ke danne manoma, kuma gwamnatin da ta ɗaure Siqueiros ita ce ta ba shi lambar yabo ta ƙasa a 1966. A 1947 aka kafa kwamitin da ke duba ayyukan zanen bango, aka zuba manyan ukun a ciki. Waɗanda aka yi ta shafe wa aiki sun zama masu gadin ƙofa, har matasa irin su José Luis Cuevas suka yi musu tawaye.

Tun kafin kwamitin ma an ga alama. A 1945 gwamnatin birnin Meziko ta ba María Izquierdo kwangilar zana matakalar ginin gwamnati da ke dandalin Zócalo. Ita ce mace 'yar Meziko ta farko da ta yi baje kolin kanta a Amurka, tun 1930, kuma Rivera ya yabe ta tun tana ɗaliba. Ta gama zanen gwaji, an kafa katako, sai aka soke kwangilar bayan Rivera da Siqueiros sun ce ba ta ƙware a fresko ba. Ta yi ƙorafi a jaridu, ta zana alluna biyu da salon don ta nuna ta iya, ba a maido mata da bangon ba. Littattafai sun cika da labarin daren da Rockefeller ya fasa bangon Rivera, wanda ya sake zana abinsa cikin watanni. Izquierdo ta kamu da shanyewar ɓarin jiki a 1948, ta mutu a 1955, kuma a ganina abin da aka yi mata ya fi na Rivera muni.