Ethel Fegan da farkon bokon 'yan mata a Katsina

A 1930 wata Baturiya mai suna Ethel Fegan ta ajiye aikinta a Kwalejin Girton da ke Kambirij, inda ta yi shekara goma sha biyu tana kula da ɗakin karatu, ta nufo Arewa tana da shekara hamsin da 'yan kai. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗora mata kula da ilmin mata. A shekarar ne aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na En'e, ɗaya a Kano, ɗaya a Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko.

Fegan ta san ɗacin a rufe wa mace ƙofa. A Girton ta yi karatu, a lokacin da mace kan zauna jarrabawa ɗaya da namiji, ta ci, amma jami'ar ta hana ta digiri. Sai a 1948 Kambirij ta sauya wannan doka.

Aikin da aka miƙa mata a Arewa shi ma da tasa katangar. A cikin birnin Katsina, tun 1922 ake koya wa samari Turanci da lissafi a Kwalejin Katsina, kuma a 1930 ɗin Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk ɗalibai ne a can. 'Yan mata kuwa, waɗanda akasarinsu daga gidajen sarauta da na ma'aikatan En'e aka samo su, an tsara musu tsabta da ɗinki da renon yara, sai ɗan karatu da rubutu da Hausa. Da yawa kan bar aji da zarar aure ya zo. An saba ɗora laifin kan iyaye kaɗai, amma a ganina wanda ya tsara manhajar da ba ta kai yarinya ga kowane aiki shi ma yana da nasa kason. Makarantar horar da malamai mata ma sai a 1939 aka buɗe ta a Sakkwato.

Fegan ta bar muƙamin a 1935. Ta yi hidimar kutare a Zariya, daga baya ta horar da ma'aikatan ɗakin karatu a Kwalejin Achimota, a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Ta rasu a 1975.