Kaboyi baƙar fata: finafinan da aka yi tun fim bai fara magana ba

Wanda ya saba kallon kaboyi a silima zai ɗauka Turawa ne kaɗai ke hawa doki da malafa. Ba haka abin yake ba. Tun zamanin da fim ba ya magana, sai dai a rubuto zance a allo, an yi finafinan kaboyi na baƙar fata zalla a Amurka.

Wariyar launin fata ce ta jawo. A kudancin ƙasar, ko dai a ware musu kujeru can sama, ko su nemi nasu gidan silima. In ma an sa baƙar fata a fim, galibi bara ne ko abin dariya.

Richard Norman, wani Bature mai kamfanin fim a Jacksonville ta jihar Florida, ya hango kasuwa a nan. A 1921 ya tafi Boley, garin baƙar fata a Oklahoma, ya ɗauki finafinai biyu: The Bull-Dogger da The Crimson Skull, wanda Anita Bush da Lawrence Chenault suka ja ragamarsa.

Tauraron na farkon, Bill Pickett, ba wasan kwaikwayo ya koya ba, kaboyi ne na gaske. Yakan diro daga kan doki, ya damƙi ƙahon sa, ya ciji leɓensa har ya kai shi ƙasa. Kai ka ce hawan ƙahon mahautanmu ne. Ya rasu a 1932, bayan doki ya harbe shi.

Finafinan biyu sun ɓace. Abin da ya rage sai fastoci da 'yan guntayen hotunan Pickett.