Wa Ke Riƙe da Rajistar Albashi? Nazarin Gibin Doka a Ƙananan Hukumomin Gwandu da Kalgo

Tsakure

Maƙalar ta nazarci dokokin biyan albashi a ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi, inda ta nuna cewa gyare-gyaren 2024 sun taɓa adadin albashi da hanyar da kuɗi ke bi, amma ba su fayyace wanda ke da iko da rajistar ma'aikata ba.

Gabatarwa

Kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, baitulmalin En'e ta Gwandu ne ke biyan ma'aikatanta, mai ɗauka aiki shi ne mai biya. A yau, ma'aikacin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, daga Abuja albashinsa ke fitowa, malamin sakandaren jiha kuma daga Birnin Kebbi. Malamin firamare da ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma su ne abin nazarinmu, domin nasu ne ya fi sarƙaƙiya.

Abin da Doka ta Tanada

Sashe na 162(6) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa kowace jiha buɗe asusun haɗin gwiwa da ƙananan hukumominta. Ta nan kason Gwandu da Kalgo, cikin ƙananan hukumomi 21 na jihar, ya saba bi. Ranar 11 ga Yuli 2024, Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Emmanuel Agim, ta umarci a riƙa tura kason kai tsaye ga zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi. A watan ne Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000, ta kuma rage wa'adin sake dubawa daga shekara 5 zuwa 3. A Oktoba, Gwamnan Kebbi Nasir Idris, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa, ya amince da Naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a jihar.

Inda Gizo ke Saƙar

Hukuncin Kotun Ƙolin bai shiga batun rajista ba. Bisa tsarin da aka gada, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke ɗauka, da ƙarin girma, da sauyin wurin aiki ga masu mataki na 07 zuwa sama. Ƙaramar hukuma na da 01 zuwa 06. Manyan al'amuran malaman firamare suna hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), alhali daga kason ƙaramar hukuma ake biyansu. Ke nan shugaban ƙaramar hukumar Gwandu zai biya wanda bai ɗauka ba, wanda kuma ana iya mayar da shi Kalgo ba da shawararsa ba. Idan sunan mamaci ko na wanda ya yi ritaya ya ci gaba da cin albashi, wa za a tuhuma? A irin wannan gibi ma'aikatan bogi ke samun mafaka. Tantancewar da gwamnatoci kan yi jefi-jefi ba ta toshe shi. Takan ma riƙe haƙƙin ma'aikacin gaskiya, kuma mai jiran albashi ya sayi buhun gero ba ya da wata madogara.

Tsarin biyan albashi na IPPIS da gwamnatin tarayya ta soma a 2007 bai shafi ƙananan hukumomi ba, kuma cire jami'o'i daga cikinsa a Disamba 2023 ya nuna cewa manhaja ba ta maye gurbin doka.

A ganinmu, Majalisar Dokokin Kebbi, bisa ikon da sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ta, ta kafa doka mai tanadar rajista guda ga kowace ƙaramar hukuma, a haɗe da lambar BVN da ta NIN. Kada a ƙara ko a cire suna sai da sa hannun ma'ajin ƙaramar hukumar da hukumar da ta ɗauki ma'aikacin, kuma wanda aka dakatar wa albashi a saurare shi cikin ƙayyadaddun kwanaki.