Daga Nugairin Abu Umair zuwa Tsiryar Ishbiliya: Tarihin Hukuncin Tsare Aku

A shekarar 2013 gwamnatin Sifaniya ta sanya wasu nau'o'in aku guda biyu cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna, ta hana mallakarsu da safararsu da cinikinsu. Ɗaya daga cikinsu ita ce tsirya, koriyar nan mai dogon wutsiya wadda asalinta yankin Sahel ne da ƙasar Indiya. An kai ta Turai a keji, wasu suka kuɓuce, wasu aka sake su, suka hayayyafa. A lambun Mariya Luwisa da ke Ishbiliya, tsohon birnin Andalus, masu bincike sun tabbatar da cewa tana ƙwace kogunan itatuwa daga wani babban jemage da ya yi ƙaranci a Turai, har tana kashe shi. Musulmin da ya ji wannan doka yakan yi saurin cewa ai Shari'a ta halatta kiwon tsuntsu. Maganarsa gaskiya ce, sai dai tarihin mas'alar ya fi wannan jimla faɗi.

Asalin halascin shi ne hadisin Anas bin Malik da Buhari da Muslim suka ruwaito, game da ƙaninsa Abu Umair wanda yake da wani ɗan tsuntsu, nugair, yana wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallam ya tarar da yaron cikin baƙin ciki, ya rarrashe shi da tambayar labarin tsuntsun. Ibnul Ƙass, malamin Shafi'iyya da ya rasu a shekara ta 335 bayan Hijira, ya ciro fa'idoji wajen sittin daga wannan gajeren hadisi, Ibn Hajar kuma ya kawo su a Fathul Bari. Daga cikinsu akwai halascin riƙe tsuntsu a gida. Malamai sun gindaya sharaɗin ci da sha, suna kafa hujja da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ta ciyar da ita ba.

Abin da ɗalibai ba su cika lura da shi ba shi ne, wannan hadisi ya fi jawo muhawara a wani babi daban, wato babin farauta a Haramin Madina. Hanafiyya sun ce da a ce farautar Madina haramun ce, da ba a bar yaro da tsuntsu a hannunsa ba. Jamhuru, har da Malikiyya, suka amsa cewa mai yiwuwa daga wajen Harami aka kamo shi aka shigo da shi. Daga nan wata tambaya ta taso: wanda ya shigo Haramin Makka da abin farauta a hannu, yaya zai yi da shi? Abu Hanifa da Ahmad suka ce ya sake shi, Malik da Shafi'i suka ce mallakarsa tana nan. Ashe tun ƙarni na biyu fuƙaha'u suna tambayar inda aka kamo tsuntsu da iyakar da ya ƙetara, kuma hukunci yana sauyawa da amsar.

Ita kuwa aku, wadda Larabawa ke kira babbaga'u, ta daɗe a fadojin Musulmi. Imam Gazali ya halatta sayar da ita tare da ɗawisu a cikin Ihya'u, bisa dalilin cewa jin daɗin murya da kallo manufa ce halattacciya. Damiri, wanda ya rasu a 808 bayan Hijira, ya ware mata babi a Hayatul Hayawan. A ƙarni na 13 na Miladiyya, Sarkin Masar Al-Kamil ya aika wa Sarki Firedirik na Biyu kyautar farar aku mai tukku, irin da ake samu a tsibiran gabashin Indunusiya da abin da ya yi gaba, kuma zanenta yana nan a gefen rubutun littafin sarkin kan farauta da shaho, a ɗakin karatu na Batikan. Ba kowa ne ya ji daɗin wannan al'ada ba. An ruwaito daga Ibn Aƙil, Bahambale, cewa tsare tsuntsu don sauraron kukansa wauta ce da shagala.

Fatawar Gazali ta dace da zamaninsa, lokacin da aku ke tafiyar watanni a jirgin ruwa ko bayan raƙumi kafin ɗaya ta isa hannun wani sarki. Jirgin sama ya rushe wannan ma'auni. Aku mai ruwan toka da jan wutsiya, wadda Abubakar Imam ya naɗa waziri a Magana Jari Ce, ɗiyar kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ce, kuma tana cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar wannan ciniki. Wani binciken da aka buga a 2016 ya nuna Gana ta yi asarar tsakanin kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta tun daga 1992, saboda kamu da sare manyan itatuwa. Amurka ta taƙaita shigo da tsuntsayen daji a 1992, Tarayyar Turai ta hana baki ɗaya a 2007, sannan taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesbag a 2016 ya haramta cinikin wadda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Masu kamu sukan ɗebe 'ya'ya daga sheƙa, alhali Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu da suka ɗauke.

Ikon shugaba na taƙaita abin da yake mubahi saboda maslaha shi ma yana da tarihi. Annabi ya killace Naƙi'u, Sayyidina Umar ya killace Rabaza. A cikin Muwaɗɗa akwai wasiyyar Umar ga Hunayyu, mai tsaron makiyayar, cewa ya bar masu ƙananan garke su shiga, ya tsare dabbobin Ibn Auf da na Ibn Affan, domin su suna da dukiyar da za su koma gare ta. Dokar da ta kama talakan da ke hawa bishiya ta ƙyale dillalin da ke cika akwatuna ta saɓa wa wannan tsari.

Saura wanda aku take hannunsa tun kafin doka. Da yawa suna ganin buɗe keji sadaka ce. Shafi'iyya, kamar yadda Nawawi ya rinjayar, sun ce sakin abin farautar da aka mallaka ba ya kawar da mallaka, kuma sun hana shi don ya yi kama da sa'ibar Jahiliyya da Suratul Ma'ida ta soke. Dokar Sifaniya ta faɗa kusa da nan ta wata hanyar: mai tsirya tun kafin hani zai ci gaba da riƙonta bayan ya sanar da hukuma, amma ba zai sayar ba, ba zai bari ta hayayyafa ba, kuma ba zai sake ta ba.