Shekarar da aka sauke wa kakana kaya

Kakana bai taɓa shiga lakwal ba, amma akwai shekarar Nasara ɗaya da ya haddace: 1946. In muna zaune bakin tafkin Madarunfa da la'asar yana ɗinkin komarsa, sai ya ce, "Jikana, a shekarar nan aka sauke mana kaya."

Kafin nan, in kwamandan Faransa na son hannu, sai ya aika wa sarki, sarki ya aika wa mai gari, mai gari ya bi gida gida. Wanda aka nuna shi zai tafi: fasa hanya, dakon kaya a ka, ginin bariki. Ba lada, ba godiya. Ko damina ta sauka, gero na jiran noman farko, ba ruwan kowa. Kuma kwamanda na da ikon ya kulle mutum ko ya ci shi tara, alƙali bai ji ta bakinsa ba. Abin da ya kori mutanenmu da yawa ke nan zuwa Jibiya da Katsina. Kakana kan tuɓe hula ya nuna mini tsakar kansa, inda gammo ya cinye gashi har bai sake tsirowa ba.

Takardar da ta kashe aikin tilas ba ta cika shafi ɗaya ba. Ayoyi uku ne kacal, ta farko ta haramta shi kwata-kwata a ƙasashen da Faransa ke mulka. Félix Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa ne ya tsaya mata a majalisar Paris, ta zama doka ran 11 ga Afrilu 1946. A shekarar aka soke hukuncin kwamanda na ba shari'a, sannan ran 7 ga Mayu dokar Lamine Guèye na Senegal ta ce mu ma 'yan ƙasa ne, ba talakawan mallaka ba.

A makaranta an koya mana sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Faransa ta 1789, kuma ina girmama ta. Amma sai da ta yi shekara 157 kafin inuwarta ta iso gulbin Maradi. Ni ayoyin nan uku sun fi kusa da zuciyata, ko da yake lanho bai faɗi ba, tsoron bariki ma bai fita a rana ɗaya ba.

Sai kuma maganar ƙuri'a. Zaɓen shugaba kam ba baƙonmu ba ne. Tun da, Kaura da Galadima da 'Yandaka da Durbi ke zama su fitar da Sarkin Katsinan Maradi. Sai dai talaka ba ya cikin shawarar. Dokar Gaston Defferre ta 23 ga Yuni 1956 ce ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji, aka yi zaɓen Maris 1957 da ya kai Djibo Bakary ga jagorancin majalisar gwamnatin Nijar.

Kakata ta ce ran zaɓen tun asuba ta yi wanka, ta ciro zanen da take ajiyar salla. A layi wata tsohuwa ta riƙo hannunta tana tambaya, "Ɗiyata, da gaske mu ma za a ƙirga namu?" Kakata ta ce mata e, suka matsa gaba tare.